Maganin Gida Da Allurar Asibiti: Amanar Mai Ciwon Daji

  A wannan mako muna so mu tattauna da masu karatu a kan wani al'amari da ya shafi dubiya da jinya, wanda galibi mu 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati muke da hannu a ciki dumu-dumu, ko da ba mu lura ba.

Duk wanda ya san ƙasar Tofa, daga Janguza zuwa Lambu, da Langel, da Doka, har cikin garin Tofa, ya san ƙasa ce ta gona kusa da gona, gida kusa da gida. Mutanenta sun kusa dubu 100 tun a ƙidayar shekarar 2006. Babu gonar da ba ta da itacen da mai ita ya san amfaninsa: ga tsamiya, ga kuka, ga ɗorawa, ga darbejiya a bakin hanya, ga zogale a dangar bayan gida, ga sabara a gefen fako. Birnin Kano kuwa bai kai tafiyar sa'a guda a mota ba. Saboda haka idan ciwon daji ya kama mutum a irin waɗannan garuruwa, hanya biyu ce take buɗe masa a lokaci guda. Ɗansa ko ƙanensa da yake aiki a sakatariya, ko yake da rumfa a Dawanau ko Kantin Kwari, shi zai ɗauko shi ya kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko a tura su Shika ta Zariya. Idan an ɗaura masa ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake kira kemo aka sallame shi, ya koma gida sai bayan mako uku, to a cikin waɗannan makonni ukun ne hanya ta biyu take aiki. Gwaggo ta kawo jiƙo, maƙwabci ya kawo sassaƙe, aboki ya aiko da man habbatus sauda daga Makka, shi kuma ɗan birni ya tsaya a kemis ya sayo kwalbar ƙarin jini da kafson bitamin mai tsada. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Ranar komawa asibiti kuwa babu mai ɗaga maganar.

Kada a ɗauka wannan halin mutanen ƙauye ne kaɗai. A wani bincike da aka buga a shekarar 2007 an tambayi masu ciwon daji 160 a asibitin koyarwa na Inugu, aka sami kashi 65 cikin 100 suna haɗawa da wani magani na daban, kuma fiye da rabinsu ba su gaya wa likita ba. A shekarar 2017 aka buga irin wannan bincike daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan ma kusan biyu bisa uku ne. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya kuwa ta nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum 127,763 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, mutum 79,542 suka rasu. Ashe ke nan magana ce ta dubban gidaje.

Da farko ya kamata mu kawar da wani ruɗu, watau zaton cewa maganin asibiti da maganin itace abokan gaba ne. Da yawa daga cikin magungunan kemo daga tsiro aka samo su. Maganin da ake kira binkiristin, wanda ya ceci yara da yawa daga dajin jini, daga wani ɗan fure na ƙasar Madagaska aka tato shi, furen da ake shukawa don ado a harabar ofisoshinmu, aka kuma fara amfani da shi a 1963. Wani kuma mai suna fakilitaksel, da ake yi wa mata masu dajin nono, asalinsa sassaƙen wani itace ne na yammacin Amurka. Wannan shi ne abin da ya kamata ya tsoratar da mu. Idan har ganye da sassaƙe suna da ƙarfin da za su kashe ƙwayar daji, to lalle suna da ƙarfin da za su taɓa wani maganin da suka tarar a cikin jiki. Mai cewa ai ganye ne kawai, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba, ya raina halittar Allah.

Ga yadda abin yake. Likita ba ya ba da kemo da ka. Sai ya auna tsawon majinyaci da nauyinsa, ya duba jininsa da hantarsa da ƙodarsa, sa'an nan ya fitar da gwargwado. Tsakanin gwargwadon da yake kashe ciwon da wanda yake kashe mai ciwon tazara ce 'yar kaɗan. Da maganin ya shiga jini, hanta ce take sarrafa shi da waɗansu sinadarai nata, ƙoda kuma ta tace ta fitar. Lissafin likita duk ya dogara ne a kan cewa hanta da ƙoda za su yi aikinsu da saurin da aka saba. To akwai tsirrai da suke sa hanta ta yi gaggawa, sai maganin ya fice bai gama aiki ba, a yi ta biyan kuɗi ciwo yana ci gaba. Akwai kuma masu sa ta yi nawa, sai maganin ya taru ya wuce kima, ya ƙone ɓargo da hanji. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan: idan wani ya taɓa sikeli a ɓoye, mai awo yana iya zama mai gaskiya, amma awon ya ɓaci.

An gwada wannan a kan mutane. A shekarar 2002 likitoci a birnin Rotadam na ƙasar Holan suka bi masu ciwon daji biyar da ake yi wa maganin irinotekan, suka ba su wata ciyawar Turai da ake kira ciyawar Sen Jon, wadda ake sayarwa a kafso don damuwar zuciya. Sai sinadarin da yake yaƙar ciwon ya ragu a jininsu da kashi 42 cikin 100. A 2004 aka ga ciyawar tana rage maganin imatinib na dajin jini da kamar sulusi ko fiye. Ruwan garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, akasin haka yake yi, yana tara magani a jini, har takardun waɗansu ƙwayoyin daji suna hana shansa ƙarara. A 2009 kuma masu bincike a Kalifoniya suka nuna, a ɗakin gwaji da kan ɓeraye, cewa sinadarin koren shayi yana toshe aikin maganin botezomib na dajin ɓargo.

Wani zai ce ai waɗannan kayan Turawa ne, ina ruwan mutumin Tofa da su. To ga namu na gida. A shekarar 1994 masana a ƙasar Sudan suka ba mutane maganin zazzaɓi na kulorokwin tare da ruwan tsamiya, ko zoɓo, ko lemon tsami, suka tarar abin da ya isa jini ya ragu ƙwarai. A 1996 malaman sashen haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka gwada asfirin tare da kunun gero mai tsamiya, sai suka ga asfirin ɗin da ya shiga jini ya ƙaru sosai, daga baya kuma aka sami irin haka da maganin ciwon jiki na aibufurofen. Tsamiya guda ce, ta rage wancan ta ƙara wannan. Waɗannan gwaje-gwaje ba a kan kemo aka yi su ba, kuma ba muna cewa a daina shan kunun tsamiya ba ne. Abin da suka tabbatar shi ne abin ƙoƙonmu na yau da kullum yana iya juya lissafin magani, balle jiƙon da aka haɗa maɗaci da hano da marke da jar kanwa aka kwana ana tsimawa, a sha safe da yamma.

Kwalbar kemis ma, wadda mu 'yan boko muka fi amincewa da ita, ba ta kuɓuta ba. A ƙarshen 2019 aka buga sakamakon bin diddigin mata 1,134 masu dajin nono a Amurka. Waɗanda suka riƙa shan ƙwayoyin bitamin irin su A da C da E tun kafin kemo har cikinsa, an ga alamar ciwon ya fi dawo musu, da kamar kashi 41 cikin 100. An ga irin wannan alama ga masu shan bitamin B12 da sinadarin ƙarfe. Bincike ne na lura, bai yanke hukunci ba, amma yana da dalili a bayansa, domin waɗansu magungunan kemo da gashi suna kashe ƙwayar daji ne ta hanyar ƙona ta, waɗannan bitamin kuwa aikinsu kare ƙwaya daga ƙuna, ba sa kuma tambaya ko ta lafiya ce ko ta ciwo. Mu duba kwalbar ƙarin jinin da muke kai wa marasa lafiya a matsayin tsaraba: galibi ƙarfe ne da B12 da sinadarin folik. Shi folik an san yana ƙara zafin maganin kafesitabin, wanda ake ba masu dajin hanji da na nono, har ya kai ga gudawa mai tsanani da gyambon baki. Idan likita ne ya ga jini ya yi ƙasa ya rubuta, wannan daban, domin ya sa shi cikin lissafinsa.

Sauran sai mu ambace su a gurguje. Tafarnuwa da citta da kurkum, idan an sha su da yawa a matsayin magani, suna iya rage daskarewar jini, alhali kemo ya riga ya rage ƙwayoyin da suke tsayar da zubar jini. Filasko da sauran magungunan wankin ciki suna zubar da ruwan jiki, maganin sisfilatin kuwa ƙoda yake ci idan jiki ya bushe, shi ya sa ake ɗaura ruwa leda-leda tare da shi. Ƙaho da tsaga da sakiya a lokacin da jini ya yi ƙasa ƙofa ce ta zubar jini da ruɓewar miki. Amma abinci abinci ne. Kwaɗon zogale, da miyar kuka, da 'yar citta a shayi, da cokalin zuma ga wanda ba shi da ciwon sukari, likitoci ba su cika hana su ba, majinyaci ma yana bukatar ya ci ya sami ƙarfi. Inda ake jin tsoro shi ne garin da aka tara, da man da aka tace, da kafso, da haɗin da mai shi ya ƙi faɗin abin da ke ciki.

Yanzu sai mu zo wurin da ya fi nauyi ga zuciyar Musulmi. Mutum zai ce, habbatus sauda fa? Zuma fa? Ai hadisi ya inganta a kansu cikin Buhari da Muslim. Haka ne, babu mai musun wannan, kuma ba mu da bakin da za mu rage darajar abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba. Amma malaman da suka yi sharhin waɗannan hadisai ba su fahimce su yadda masu talla da lasifika a bakin kasuwa suke fassara su ba. Ibnu Hajar a cikin Fathul Bari ya kawo ra'ayin Imamul Haɗɗabi cewa lafazin hadisin habbatus sauda gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi, ya kuma kawo bayanin cewa wani lokaci ana amfani da ita ita kaɗai, wani lokaci a haɗe, wani lokaci a sha, wani lokaci a shafa, gwargwadon cutar. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a babin maganin Annabi na littafinsa Zadul Ma'ad ya yi ta nanata cewa waraka tana rataye ne da dacewar magani da cuta, da gwargwadonsa, da lokacinsa, da ƙarfin jikin mai sha, kuma maganin da ya wuce kima yakan koma wata cutar. Ya fifita magani guda a kan haɗe-haɗe matuƙar guda ya wadatar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, har da na musamman a kan basir da kuma a kan filasko. Shugaban da ya zauna ya keɓe wa ganye guda littafi ya nuna cewa a wurinsa magani ilmi ne da ake koyo.

Ita habbatus sauda ɗin ma an auna ta. A 2010 masana a Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad suka gwada ta a kan 'yan mutane kaɗan masu lafiya, suka ga tana rage saurin sinadarai biyu na hanta masu sarrafa magunguna. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ƙwayar tamoksifen, da mata masu dajin nono suke sha shekara biyar ko fiye, take bukata kafin ta zama mai aiki. Wannan ya isa dalilin da mace za ta tambayi likitarta kafin ta mai da shan man cokali-cokali al'ada.

Haka batun fitsarin raƙumi da nononsa, wanda ya yaɗu a garuruwanmu. Hadisin mutanen Uraina ingantacce ne, amma Ibnul Ƙayyim ya kawo shi ne a babin ciwon kumburin ciki da ruwa, watau ya ɗauke shi maganin wata cuta sananniya. A 2023 mujallar lafiya ta ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da gabashin Bahar Rum ta buga rahoton likitocin Saudiyya da suka bi masu ciwon daji 20 waɗanda suka dage a kan fitsarin raƙumi. Babu ko ɗaya da ciwonsa ya ja da baya, biyu kuma suka kamu da zazzaɓin nan da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Likitocin Musulmi ne, a ƙasar raƙuma suke, ba za a ce ƙiyayya ce ta sa su ba.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman zaurenmu suke karantarwa, akwai labarin wani mutum da ya ji rauni a zamanin Annabi, aka kira masa mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar, sai Manzon Allah ya tambaye su wanne ne ya fi ƙwarewa a magani. Malamai suka ciro daga nan cewa a kowane fanni mafi sani ake nema. A Sunan ta Abu Dawuda kuma akwai hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. A ganinmu wannan gargaɗi bai tsaya kan mai kasa magani a kasuwa kaɗai ba. Ya kamata ya sa ɗan dubiya ma ya yi tunani kafin ya ce wa mai jinya, sha wannan, wane ma shi ya sha ya warke. Masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gada, da yawansu sun san iyakarsu, sukan ce wannan na asibiti ne. Da 'yan neman kuɗi muke, masu cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta jawo mata da yawa sun zauna da ƙullutu a nono har ya fashe. Masana a Jami'ar Yel ta Amurka sun duba a 2018 mutum 281 da suka bar maganin asibiti suka riƙi na daban kaɗai, suka tarar haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a dajin nono kuwa fiye da sau biyar.

Game da lambar hukumar NAFDAC da ake nuna mana a jikin kwalba, a sani cewa lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba su da guba a gwargwadon da aka faɗa. Shi ya sa ake wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwarsu ba. A juya kwalbar a karanta.

Addu'a, da ruƙya ta shari'a, da sadaka, da karatun Alƙur'ani a kan majinyaci, babu ɗayansu da yake karo da kemo, a yawaita su. Rubutun sha ne kaɗai za mu ce a tambayi malam ko ya haɗa da wani gari, domin sau da yawa akan haɗa, a kuma wanke allon da ruwa mai tsabta. Mai karɓar kemo da azumi ya riske shi, Allah Ya yi masa rangwame, sai ya tambayi likita da malami ya karɓi sauƙin da aka ba shi.

To me ya sa ake ɓoyewa? Kunya ce da tsoro. Dattijuwa daga Lambu ta ga likita yana sauri, layi ya yi tsawo, tana tsoron a yi mata tsawa a gaban jama'a, sai ta ce ba ta shan komai. A nan muna da magana da likitocinmu da ma'aikatan jinya: wanda ya yi faɗa sau ɗaya ya rufe bakin majinyaci har abada. Tambaya cikin girmamawa, Baba me ake jiƙa miki a gida, ta fi fa'ida nesa ba kusa ba. Mu kuma masu rakiya, da muka iya karatu muka san bakin ma'aikata, nauyin a wuyanmu yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tattara duk abin da majinyaci yake sha, kwalba da ƙulli da gora, a zuba a jaka a kai gaban likita ko mai haɗa magani na asibitin, a faɗi sau nawa ake sha da kuma tun yaushe. Abin da ya ce a ci gaba a ci gaba, abin da ya ce a dakata a dakata har a gama. Idan an koma gida a sami mutum guda mai faɗa a ji, ya zama duk abin da 'yan dubiya suka kawo ta hannunsa zai bi, ya karɓa ya yi godiya ya ajiye.

Abu na ƙarshe da muke roƙon kowane mai jinya ya riƙe shi ne batun zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan an ɗaura kemo, fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki sukan yi ƙasa ƙwarai, ƙaramar cuta tana iya kayar da mutum cikin yini guda. Idan jikinsa ya yi zafi a wannan tsakani, ma'aunin zafi ya nuna 38 ko sama, ko ya kama rawar ɗari, to kada a tsaya sirace da ganyen darbejiya, kada a tsaya neman farasitamol a kemis a jira gari ya waye. Ko tsakar dare ne a nemi mota daga Tofa a kama hanyar Kano, a riƙe katinsa na asibiti a hannu, a gaya wa na bakin ƙofa cewa mai karɓar kemo ne.